Tabarmar Mama Juliana

A Kakuri, zamanin da masaƙu ke da rai, jiniya ce ke tashin gari. Da ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna da masu ƙafa, 'yan aikin safe na shiga, 'yan aikin dare na fitowa da ƙurar auduga a gira. Cikin wannan ayari Juliana ta yi shekara ashirin da uku tana shiga tana fita. 'Yar wani ƙauye ce a bayan Zonkwa, gajeriya, mai faɗin kafaɗa, ga saurin tafiya kamar wadda ta bar miya a kan wuta. Aure ne ya kawo ta Kaduna. Mijin, George, bai daɗe ba ya rasu, Allah kuma bai ba su haihuwa ba, sai ta riƙe aikinta hannu bibbiyu ta zauna abinta.

Karatunta bai wuce firamare ba, amma a sashen kaɗi ta koyi abin da ya ishe ta har tsufa. Dokar wurin ɗaya ce, heluma, wato shugaban ma'aikatan sashen, kuwa ba ya wasa da ita: ba a barin inji sai mai karɓa ya zo. Ko jiniya ta yi kuka sau goma, ko fitsari ya matse ka, kana nan tsaye. In ya zo kuma, ba hannu za ka ɗaga masa ka wuce ba. Sai ka nuna masa inda zare ke yawan tsinkewa, ka gaya masa irin ƙarar da injin ya fara yi tun hantsi, ya gani da idonsa, sannan ka kama gabanka.

Wata Lahadi a 1986, bayan an tashi daga coci, ta biya asibiti ta duba wata abokiyar aikinta. Wanda bai taɓa kwanciya a asibiti ba, bari ya ji. Likita zai duba ka, nas za ta yi maka allura, amma abinci da wanka da wanki, da kai ka bayi, da juya ka in ba ka iya juyawa, duk na mai jinya ne, wato ɗan'uwanka. To masaƙa ta tara mutane daga ko'ina, wasu danginsu na can tafiyar kwana biyu a mota. Juliana ta tarar da matar leɓe a bushe. Kofin ruwa na nan a kan lokar ajiye kaya ta gefen gado, tana kallonsa, hannu bai kai ba. Ranar Juliana ba ta koma gida ba. Kafin sati ya zagayo ta tara mata bakwai, 'yan Katolika da 'yan Baftis da na sauran coci-coci, ta ce za su riƙa zama da duk matar da aka kwantar ba ta da kowa, karɓa-karɓa, yadda ake yi a masaƙa. Ta sayi tabarma ta shimfiɗa a gefen gado. Daga nan nas-nas suka laƙaba musu 'Yan Tabarma, sunan kuma ya bi su.

Ƙungiyoyi nawa aka kafa a ƙetaren kogin Kadunan nan da kiɗa da anko, shekara ba ta zagayo ba suka watse? Ta Juliana ta kai shekara goma sha uku, mata sun haura arba'in, kuma ba sa'a ba ce. Matar ta iya riƙon mutane. Ba ta karɓar marar lafiya sai ta tabbata tana da mutum shida da za su kewaya ta. In babu, ta ce babu, ko da fasto ne ya aiko, don a cewarta gara ka ƙi mutum tun a bakin ƙofa da ka yar da shi a tsakiyar rafi. Taronsu na Asabar awa ɗaya ne cif, mai dogon labari ta kai wa maƙwabciyarta. Yabo a gaban jama'a take yinsa, faɗa kuwa sai ta ja ki bayan ɗaki. An sha kawo mata shawarar su buɗe makarantar ɗinki. Da kakar siyasa ta kama a ƙarshen 1998 ma, har atamfa aka kawo musu mai hoton wani ɗan takara, wai su sa su je tarbarsa. Ta mayar da ita a cikin ledarta, ta ce, "Mu zama muka iya. Ku bar mu mu zauna."

Babbar dokar ita ce ta tabarma. Ba a naɗe ta sai mai karɓa ta zo. In ta zo, sai kin gaya mata abu uku baki da baki, a gaban marar lafiyar: me ta ci, wane magani ta sha, me likita ya ce. Ita kuma ta maimaita, sannan ki tashi.

To amma duk wannan tsari, a ina yake rubuce? Babu. A cikin kan Juliana yake. Ita ta san wa ke da safe, wa ke da yamma, fuskarta kaɗai babbar nas ta asibitin ta sani. Tun da tari ya raba ta da masaƙa ta koma sayar da hatsi a bakin kasuwa, kullum da sassafe sai ta bi gida-gida tana ƙwanƙwasawa: ke yau, ke gobe. Ga kuma tausayi, wanda shi ne ya kusa kashe ƙungiyar. In wata ta gaji, ko ciki ya yi nauyi, ko miji ya hana, Juliana ba ta gaya wa kowa. Sai ta rufa mata asiri ta je ta zauna a madadinta. In ta iske wata tana ta jiran mai karɓa, sai ta ce, "Tashi ki je, 'yata, ga ni." A hankali mata suka saba. Dokar na nan a baki, amma kowa ta san in an makara Mama za ta ɓullo.

Cikin watan Mayun 1999 suna jinyar wata tsohuwa, Edith, wadda ta yi aikin shara a masaƙa. Ɓarin jikinta ya shanye, ba ta magana sai da ido. Irin wannan kwanciya sai an riƙa juya mutum a kai a kai, in ba haka ba baya ya ɓare. Ranar Talata da asuba aka aiko wa Juliana yayanta ya rasu a ƙauye. Ta ɗaure 'yan kaya ta nufi tasha, hankali ba a jiki ba. Ta manta sam cewa zaman yammacin ranar na wata mata ne da ta daɗe da dainawa, ita ke cike mata gurbi ba tare da kowa ya sani ba.

Wadda ke kan tabarma da safen Scholastica ce, mai 'ya'ya huɗu, kuma ba ta ji labarin rasuwar ba. Ta jira har ƙarfe biyu da rabi, ta tuna yara sun taso daga makaranta ƙofa a kulle, ta ce a ranta ai Mama na hanya. Ta naɗe tabarma ta jingine a bango ta tafi. Laraba ta zo, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa, don haka ba wadda ta fita.

Sai ranar Alhamis da safe Theresa ta iso. Ita 'yar Ibo ce haifaffiyar Sabon Tasha, mai shagon busasshen kifi a kasuwar Kakuri, Hausa a bakinta kamar ruwa, kuma ba ta iya tauna magana ba. Alhamis tata ce kullum, ba sai an gaya mata ba. Ta tarar da tabarma a jingine. Nas-nas da masu jinyar gadon kusa sun ɗan taimaka da koko da ruwa, amma kowa da nasa a gaba. Ta ɗaga zanin Edith ta ga gyambo kamar tafin hannu. Ta wanke ta, ta canja mata shimfiɗa, ta zauna. Da rana ta yi ba mai karɓa, ta aika wa mata biyu su zo. Ka san amsar da suka bayar? Wai Mama ba ta ce su je ba. Theresa ta cije leɓe ta ci gaba da zama, Alhamis, Juma'a, har Asabar, shagonta a garƙame.

Asabar ɗin ce sojoji ke miƙa mulki ga farar hula. Wani mai jinya ya kunna rediyo a baranda, mutane sun yi masa zobe ana jin abin da ake yi a Abuja. Juliana ta ratsa su da ƙunshin kayanta, daga tasha ko gida ba ta biya ba.

Theresa ta tashi ta gaishe ta yadda ya kamata. "Sannu da hanya, Mama. Yaya haƙuri? Allah ya ta'azantar da ku." Sannan ta juya Edith a hankali, ta ɗaga zanin, ta gaya mata duk yadda aka yi.

Juliana ta ce, "Wa ya naɗe tabarmar nan?"

"Scholastica ce. Amma ki bar ta. Ba ita ta bar Edith ba, Mama, ke ce."

An ce wanzami ba ya son jarfa. Shekara goma sha uku Juliana na jan mata bayan ɗaki, ba a taɓa jan ta ba, yau ga yarinyar da a shekaru ta isa ta haifa tana gaya mata a tsakar ɗakin marasa lafiya. Ta buɗe baki za ta yi magana, Theresa ba ta ba ta dama ba.

"Ke kika koya mana kada mu tashi sai mai karɓa ta zo, ke kuma kika koya mana tashi. Mu arba'in da wani abu, ba wadda ta san ranar 'yar'uwarta. Kwana biyar kawai kika yi, dubi bayan baiwar Allah nan. To ranar da kika tafi ba dawowa fa? Ke wa zai karɓe ki?"

Juliana ta dubi Edith. Tsohuwar na kallonta, ba fushi a idon, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take. Ta ajiye ƙunshin, ta zauna a bakin tabarmar, ta ce da ƙaramar murya, "Me ta ci?" Theresa ta gaya mata abu ukun, ta maimaita, sannan Theresa ta tafi buɗe shagonta. Sati shida Juliana na zuwa wankin gyambon nan tare da nas har ya rufe.

A taron da ya biyo baya ta miƙe ta ce laifin nata ne, kuma nan da wata shida za ta sauka. Wayyo, sai ka ce mutuwa aka yi. Wasu suka fashe da kuka, wata ta ɗauko waƙa, wasu suka durƙusa suna tambayar wa ya ɓata mata rai a ba ta haƙuri. Wata dattijuwa ta ce a garinsu ba a sauke uwa, mutuwa ce kaɗai ke rabawa.

Juliana ta ce, "To in mutuwar ta zo, ita za ta gaya muku wa ke da yamma? Soja ma da bindigarsa ya miƙa, balle ni mai tabarma."

Wata shidan nan ta yi su ne kamar mai miƙa inji. Ta sayi allo baƙi aka kafa a barandar da suke taro, aka rubuta ranaku da sunaye yadda ko yaro zai karanta. Scholastica ta daina zuwa don kunya, Juliana ta je har gida ta ɗauko ta, ta damƙa mata alli ta ce allon nata ne, don ba wadda za ta fi ta tsoron gurbi. Ta zauna ta lissafa matan da take rufa wa asiri, su goma sha ɗaya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta ce hutawa ba zunubi ba ne, ɓoyewa ce matsalar, aka ware musu gefen allo na masu hutu. Ta riƙa jan mata bibbiyu tana kai su gaban babbar nas a san fuskokinsu. Aka rubuta dokokin a takarda, shafi ɗaya tal, aka ƙara da cewa shugaba shekara uku za ta yi ta sauka.

Ranar zaɓe ta ƙi zuwa. Ta san halin mutanenta, muddin tana zaune a wurin ba hannun da zai ɗagu don wata. Ta yi zamanta a kasuwa tana auna dawa, har aka zo aka gaya mata Theresa ce ta ci. Ba a rasa masu gunaguni ba, wai duk 'yan gida a rasa wadda za a ba sai baƙuwa. Maganar ta kai kunnen Juliana, ta ce, "Ranar da Edith ke kwance cikin ƙazanta, 'yan gidan suna ina?" Daga nan ba a ƙara ji ba.

Sauka ba ta yi mata wuya ba kamar yin shiru. Mata ba su daina zuwa ƙofarta da ƙorafi ba, ita kuma ba ta daina ce musu su je wurin Theresa ba, ko da ta san amsar. Theresa ta raba yini kashi uku maimakon biyu. Ta shigo da maza don ɗakin maza. Da wayar hannu ta shigo gari ta sa aka sayi guda, aka bar lambar a teburin nas-nas, duk wadda aka kwantar ba mai jinya su kira. Gaskiya ba duka suka yi wa Juliana daɗi ba. Takan dawo gida ta yi ta mita ita kaɗai, tukwanenta sun sha labari, amma a taro bakinta alaikum. Aka rubuta ta safiyar Litinin kamar kowa, kuma ba ta taɓa makara ba.

Sai masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, jiniya ta yi shiru. Rabin matan suka watse, wasu ƙauye, wasu sababbin unguwanni. Theresa ta cika shekara uku ta sauka, aka zaɓi wata, bayanta wata. Audugar da Juliana ta shaƙa kuwa ta taso mata gadan-gadan. Ta daina zaman tabarma, ta daina kasuwa, ta koma wani ɗaki a ƙarshen Narayi inda ba wanda ya san ta. Labarin ƙungiya ya riƙa zuwa jefi-jefi, har ya daina. Takan so ta tambaya ko abin na nan, sai tsoron amsar ya hana ta.

Cikin daminar 2007 numfashi ya gagara. Wata maƙwabciya mai goyo ta sa ta a tasi ta kai ta asibiti, aka ba ta gado, ta ba ta haƙuri ta koma wurin yara. Kafin maƙwabciyar ta tafi ta tambaye ta ko akwai wanda za a sanar, Juliana ta girgiza kai. Ba girman kai ba ne kawai. Ta san in ta aika, tsofaffin za su cika ɗakin don ita Mama ce, wannan kuwa ba zai gaya mata abin da take son sani ba. Ta kwanta tana kallon ƙofa, kamar kowace mata da ba ta da kowa.

Washegari da safe wata mata ta shigo, za ta yi shekara talatin da biyar, da tabarma a hammata da kwanon kunu. Ta duba lambar gado ta tsaya.

"Ina kwana, Mama. Nas ce ta kira mu, ta ce ba ki da mai jinya. Sunana Hadassah, ni ce ta safe. Yaya sunanki?"

"Juliana."

Matar ta rubuta a ɗan littafi, ko gezau. Ba ta san ta ba. Ta goge mata jiki, ta tallafe ta ta ba ta kunu cokali-cokali, ta tsaya a gefe tana sauraro lokacin da likita ya zagayo. Da ta cika kofi da ruwa, sai ta jawo lokar, ta kama hannun Juliana ta gwada ko zai kai, sannan ta zauna.

Sha biyu ta yi, sha biyu da rabi ta wuce, ba mai karɓa. Hadassah mai kitso ce, akwai amarya da ke jiranta, sai duba agogo take yi. Juliana ta tattaro numfashi ta ce, "Tashi ki je, 'yata. Na ji sauƙi. Mai zuwan na hanya."

Hadassah ta yi murmushi. "A'a, Mama. Mu ba ma naɗe tabarma sai mai karɓa ta zo."

"Ba wanda zai sani."

"Ni zan sani ai. Doka ce."

"Wa ya kafa ta?"

"Gaskiya ban sani ba. Haka na tarar."

Can sai ga wata ta shigo tana haki, daga kan acaɓa, ta yi ƙiba, furfura ta fito a goshi. Theresa ce. Ta ga wadda ke kan gadon, ta tsaya cak, baki buɗe. Juliana ta ɗan girgiza mata kai.

Hadassah ta ce, "Anti Theresa, minti arba'in fa. To tsaya ki ji. Ta sha kunu rabin kwano. Ta sha ƙwaya biyu ƙarfe tara, saura na ƙarfe uku. Likita ya ce a ɗaga mata kai, kada ta kwanta rigingine. Maimaita."

Theresa ta maimaita tiryan-tiryan kamar 'yar aji ɗaya. Sannan Hadassah ta ɗauki kwanonta, ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ta fita da sauri.

Theresa ta durƙusa a kan tabarmar ta kama hannunta. "Haba Mama. Me ya sa ba ki aiko ba?"

Hawaye na bin kuncin Juliana, amma dariya take yi, tari na katse ta. Daɗin da ta ji ranar ya fi na duk yabon da aka taɓa yi mata.

"Ba ta san ni ba, Theresa. Na ce ta tafi, ta ƙi."

Theresa ta share ido da gefen zani, ta ɗaga mata kai yadda likita ya ce, ta gyara zama a kan tabarmar. Kafin lokacin maganin ƙarfe uku, Juliana ta yi barci.